Labarin jarumi ya shigo kasuwa, amma ina kan macijin?

Duk wanda ke bibiyar shafukan masu ƙananan sana'o'i a Instagram da Facebook, ko ya taɓa zama a zauren da matasa ke baje kolin kasuwancinsu don neman tallafi, zai lura cewa labaran nasu sun fara kama da juna.

Mai turaren wuta ta fara da ɗan kuɗin adashe, dangi suka yi mata dariya, kaya suka lalace, ta kusa haƙura, sai wata baiwar Allah ta ƙarfafa mata gwiwa, yau ga ta da shago. Mai haɗa takalma ma haka. Mai manhajar biyan kuɗi ma haka, sai dai shi da Turanci yake ba da nasa.

Wannan kamanni ba daga sama ya faɗo ba. Koyar da shi ake yi, kuma yana da asali.

A 1949 wani malamin adabi ɗan Amurka, Joseph Campbell, ya wallafa littafi mai suna The Hero with a Thousand Faces. A ciki ya yi iƙirarin cewa tatsuniyoyi da hikayoyin al'ummu daban-daban ƙashin bayansu ɗaya ne. Jarumi na zaune a gida sai kira ya zo masa. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya haɗu da wani dattijo da zai ba shi makami ko shawara. Ya shiga duniyar da bai sani ba, ya sha gwagwarmaya, ya fuskanci abin da ya fi tsoro, ya yi nasara, sannan ya dawo gida da abin da zai amfani jama'arsa. Campbell ya kasa wannan tafiya zuwa matakai 17.

George Lucas ya amsa cewa littafin ya taimaka masa wajen tsara fim ɗin Star Wars na 1977. Bayan haka Christopher Vogler, wanda ke duba labarai a kamfanin Disney, ya taƙaita tsarin a wata takarda mai shafi bakwai da ta zagaye masana'antar finafinan Hollywood, ya kuma faɗaɗa ta zuwa littafi a 1992 da matakai 12. Daga nan abin ya tsallaka kasuwa. Nancy Duarte ta kai shi ga masu gabatar da jawabi a gaban masu zuba jari a littafinta Resonate na 2010, Donald Miller kuma ya mayar da shi dabarar talla a Building a StoryBrand na 2017. Yawancin abin da masu horar da 'yan kasuwa ke koyarwa yanzu game da "ba da labarin kamfani" daga wannan rijiya aka ɗebo shi.

Bahaushe dai ba baƙo ba ne a nan. Bayajidda ya baro Bagadaza, ya ratsa Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana a Daura, ya kashe macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya sha faɗi-tashi da Malam Zurƙe, ya dawo da ruwan. An buga wannan littafi a 1934, shekara 15 kafin na Campbell.

Saboda haka babu mamaki idan tsarin ya shiga kunne. Yana da amfani, kuma bai kamata a raina shi ba. Mutum na manta lissafi, amma da wuya ya manta wanda aka kora daga kamfanin da ya kafa da hannunsa sannan aka dawo ana nemansa. Steve Jobs ya bar Apple a 1985 bayan an ƙwace masa iko, ya koma jagorancin kamfanin a 1997, kuma jawabin da ya yi a Jami'ar Stanford a 2005, wanda ya gina a kan labarai uku na rayuwarsa, har yau kallonsa ake yi. Matashiyar da ke neman jarin dala 5,000 na Gidauniyar Tony Elumelu tana gasa ne da ɗimbin mutane daga ƙasashen Afirka 54. Idan ta iya jera bayaninta yadda mai karantawa zai gane matsala, ya gane mafita, ya gane dalilin da ya sa ita ce ta dace, ta taimaki kanta.

Matsalar ita ce tsarin yana da cin rai. Sai an ba shi farawa cikin wahala, sai an ba shi dodo, sai an ba shi gwarzo guda ɗaya. Rayuwa kuwa ba kullum take bayar da waɗannan ba. Idan babu su, sai mai labari ya fara cike giɓi da kansa.

Elizabeth Holmes misali ce da ya isa. Ta kafa kamfanin Theranos a 2003 tana da shekara 19, ta bar karatu a Stanford. Labarinta ya cika duk matakan: tana tsoron allura tun tana ƙarama, wani kawunta ya rasu sakamakon cutar daji, don haka ta ɗauki alkawarin samar da na'urar da za ta yi gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini daga ɗan yatsa. Dodon labarin shi ne manyan kamfanonin gwajin jini. Masu kuɗi suka zuba sama da dala miliyan 700, aka kimanta darajar kamfanin a dala biliyan 9. Sai a Oktoban 2015 ɗan jarida John Carreyrou na Wall Street Journal ya bankaɗo cewa na'urar gwaje-gwaje ƙalilan take yi, sauran da injinan wasu kamfanoni ake yin su. A 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, aka yanke mata ɗaurin sama da shekara 11. Manyan mutane, har da tsofaffin ministocin harkokin wajen Amurka biyu, sun zauna a hukumar gudanarwar kamfanin. Labarin suka saya.

Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan kusa da gida, kuma ba ta buƙatar ƙarya. Tsarin yana share mutane.

Kasuwancin Bahaushe bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro ayari suke yi, da madugu, da jagaba, da fatoman da zai sauke su a zango. Har gobe a Kantin Kwari da Singa, yaro kan yi shekaru a shagon ubangidansa kafin a ba shi kaya bashi a kan amana, ya sayar ya kawo kuɗi. Wanda ya tsaya masa a wurin dila shi ne jarinsa na farko. A labarin jarumi duk waɗannan mutane sai su koma "wani bawan Allah da ya taimaka", jimla ɗaya a tsakiyar labari.

Dubi yadda ake ba da labarin Aliko Ɗangote a tarukan ƙarfafa gwiwar matasa. Za a ce ya sayar da alewa yana ɗan firamare, ya fara kasuwanci a 1977 da rance, ya zama wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka. Duk gaskiya ne. Abin da masu jawabin kan tsallake shi ne daga cikin dangi rancen ya fito, kuma dangin su ne gidan Ɗantata. Alhassan Ɗantata, kakan mahaifiyarsa, ya yi suna a fataucin goro da gyaɗa, ana kuma lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma lokacin da ya rasu a 1955. Wannan bai rage ƙwazon Ɗangote da komai ba, shi kansa ba ya ɓoye asalinsa. Amma yaron da ya saurari rabin labarin, ya koma shagonsa da babu wuta, babu mai ba shi kaya bashi, zai ɗauka rashin zuciya ne ya hana shi ci gaba.

Miller da Duarte sun ga wani ɓangare na wannan matsala. Shawararsu ita ce ɗan kasuwa ya sauka daga kujerar jarumi ya bar wa mai saye, shi ya koma matsayin dattijon da ke miƙa makami. Wato kamfani ya zama maƙerin Gaya, abokin ciniki ya zama Bayajidda. Wannan ya fi dacewa da al'ummar da ke cewa yabon kai jahilci, inda ko sarki ba ya yi wa kansa kirari sai maroƙi ya yi masa. Mai sayar da fitilar sola da ta ba da labarin telar da yanzu take ɗinki har dare ta fi jan hankali a kan wadda ta cika shafi da hotunanta.

Sai dai sauya jarumi bai hana damfara ba. MMM da haka ta ci kasuwa a Najeriya. Bankuna da tsarin kuɗi na zalunci su ne dodo, talakan da ya shiga shi ne gwarzo, kuma duk wanda aka biya sai ya rubuta wasiƙar farin ciki, wasu har da bidiyo, suna bayyana yadda rayuwarsu ta sauya. A Disamban 2016 aka rufe asusun mutane, labarin ya ƙare a nan ga masu ɗimbin yawa.

A hikayar Bayajidda akwai wani wuri da masu koyar da talla ba sa tsayawa a kai. Da gari ya waye aka ga maciji a mace, sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe shi. Mazaje suka yi ta fitowa, kowa na cewa shi ne. Ba a tsaya sauraron wanda ya fi iya tsara zance ba, kan macijin aka nema. Baƙon da ke gidan Ayana ne kaɗai ya fito da shi.

A kasuwa, kan maciji abu ne da ake iya taɓawa. Littafin shige da fice ne, da bayanan asusun banki na watanni, da rajistar CAC da za a iya dubawa a intanet, da lambar NAFDAC ga mai sayar da abin ci, abin sha ko na shafawa, da lambar wayar abokan ciniki uku da suka yarda a kira su. Wanda yake da waɗannan ya tsara labarinsa yadda ya ga dama, ya sa kira, ya sa dodo, ya sa dawowa gida, amma ya ambaci sunan wanda ya ba shi jari da wanda ya koya masa sana'a. Idan gidansu akwai hali, ya faɗa. Mai zuba jarin kirki ya fi son sanin haka tun farko, domin zai gano ko ba a gaya masa ba.

Nauyin kuma bai tsaya kan 'yan kasuwa kaɗai ba. Alƙalan gasar neman tallafi da ke ba mutum minti uku su raba maki kan wanda ya fi taɓa zuciya suna koya wa matasa cewa hawaye ya fi lissafi tsada. Kafafen yaɗa labarai ma da nasu kason, domin labarin "daga talla zuwa miliyoniya" yana jawo masu karatu, kuma da wuya a ji wakili ya tambayi baƙonsa nawa ya sayar a watan jiya, mutum nawa yake biya albashi, ko wa ya biya kuɗin hayar shagon na shekarar farko.