A Haɗa Gwajin Sikila da Allurar Rigakafi

'Yan'uwa, yau maganarmu a kan amosanin jini ce, wato sikila. A shekarar 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa masu shirin aure yin gwajin jini. Mun yaba. Amma dokar ba ta isa ga jaririn da aka riga aka haifa da ciwon ba, wanda yau yake goye a bayan uwarsa a Toranke ko wani ƙauyen Ajingi da Gaya, ba wanda ya sani.

Ciwon nan yana da ɓoyo. A watannin farko jariri yakan yi ɓul-ɓul, domin jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi. Sai wajen wata shida hannu da ƙafa su soma kumbura, zazzaɓi ya yi ta dawowa, a ce haƙori ne, wani ma ya ce ɗan wabi ne. A Garki, cikin Jigawa ta yanzu, masu binciken zazzaɓin cizon sauro a shekarun 1970 sun tarar kusan jarirai biyu cikin ɗari da sikila aka haife su, kaɗan ne ƙwarai kuwa suka kai girma.

Alhali akwai abin yi idan an gane da wuri. Tun 1986 likitocin Amurka suka tabbatar penisilin na kullum yana kare waɗannan yara daga cututtukan da ke kashe su farat ɗaya. Ga gidan sauro, ga koya wa uwa kada ta bar zazzaɓi ya kwana.

Ba sai mun je Amurka ba. Daga 2017 zuwa 2019 Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta sun gwada yara 3,603 a ƙananan asibitoci biyar na Gwagwalada, ranar da aka kawo su rigakafi. Ɗigon jini kawai, ba a bukatar lantarki. Aka sami 51 masu SS.

To, uwa a Toranke ai tana kai ɗanta allura da haihuwa, da mako 6, da 10, da 14. Me zai hana a yi gwajin a zaman farko, a rubuta a katin nan ɗaya? Ce mata ta tafi Kano, ga kuɗin mota, ga aikin gona, daidai yake da ce mata ta bari.

Gwaji kaɗai kuma bai wadatar ba. Wanda aka samu da ciwon, a tabbatar, a ba shi magani a kusa da gida, a rubuta masa takarda zuwa asibitin Gaya, ko na Murtala idan ya tsananta, wani ma'aikaci kuma ya bi sawunsa in bai dawo ba. Wannan muke roƙon hukumar lafiya a matakin farko ta jihar Kano.

Mu ma da namu rabon. Zumuntar mata idan sun je barka, bayan addu'a su tambayi maijego ko an gwada jinin jariri, su kuma raka ta ranar allura.