Mu Dasa Giyayya A Bakin Kubanni

Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kowace shekara idan damina ta kankama, sai ka ga makarantu sun fito dashen itatuwa, ɗalibai riƙe da fartanya da bokiti. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma in ka duba abin da muke dasawa, ba ya wuce darbejiya da turare da malaina, kuma dukansu baƙi ne. Darbejiya daga ƙasar Indiya ta fito, a Barno aka fara dasa ta wajen 1928. Turare daga Ostireliya aka kawo shi, malaina kuwa daga Asiya. Sa'an nan duk a tudu muke dasa su, mun bar bakin rafi tsirara. A ganina lokaci ya yi da mu ɗaliban Tudun Wada za mu juya ga rafin Kubanni, mu dasa masa itaciyar da ta dace da shi, watau giyayya.

Da yawa daga cikinmu sun san sunan amma ba su san itaciyar ba. Giyayya 'yar fadama ce, ana samunta tun daga Sanigal har Sudan, a bakin tafki da gefen kogi da duk inda ruwa ke kwanciya da damina. Sau da yawa takan fito da rassa masu yawa daga gindi ɗaya, ta yi duhu kamar kurmi, in kuma ta sami sarari ta zama babbar bishiya. Ganyenta bibbiyu ne suna fuskantar juna, sabon toho kuma yakan yi ja-ja. Furenta fari ne, a dunƙule kamar 'yar ƙwallo, ga ƙanshi mai daɗi. Bayan ya kaɗe sai dunƙulen ya bushe ya yi duhu, ya daɗe a jikin reshe. Masana tsirrai suna kiranta Mitragyna inermis, kuma danginsu ɗaya da tafashiya da itacen kofi. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya sa sunanta cikin littafin sunayen tsirrai na Hausa da ya wallafa a 1916. Ashe kakanninmu sun san ta tun da daɗewa, mu ne muka manta.

To, me ya haɗa giyayya da Kubanni? Rafin nan ya biyo ta Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta datse shi don ruwan sha, ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ya faɗa Galma, Galma kuma ya zuba a kogin Kaduna. Da rani yaro ma ya tsallake shi a wasu wurare, amma a watan Agusta sai ya cika ya batse. Ruwan saman da ke sauka a Zariya ya kai kamar milimita 1,000 a shekara, kuma cikin wata biyar ko shida yake zuba duka. Idan irin wannan ruwa ya tarar da gaɓa ba saiwar da ta riƙe ta, sai ya riƙa cin ta daga ƙasa har saman ya rufta. Yau a rasa taku ɗaya na lambu, baɗi a rasa biyu, wata rana sai katangar gida. Ƙasar da ya kwasa kuwa can gaba yake jibge ta, ta cike cikin rafin, ruwa ya rasa hanya ya hau gari. Mun ga abin da ambaliya ta yi a Nijeriya a 2012, lokacin da mutane sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, da kuma a 2022, da aka rasa rayuka fiye da 600.

Ba na cewa giyayya za ta hana ambaliya. Wannan aiki ne da ke bukatar magudanai masu kyau da daina zuba shara a rafi da daina gini a hanyar ruwa. Abin da giyayya za ta yi shi ne ta riƙe gaɓa. Yawancin itatuwan tudu, in gindinsu ya daɗe cikin ruwa, saiwarsu takan rasa iska ta ruɓe. Ita kuwa giyayya tana iya yin watanni ruwa ya shanye gindinta, ya janye ya bar ta da ranta. Saiwoyinta suna ɗaure ƙasa, rassanta na ƙasa suna rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta. Bugu da ƙari, ƙudan zuma na son furenta, awaki da tumaki na cin ganyenta, ana yin aiki da itacenta, ana kuma samun rini rawaya daga ɓawonta. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna dafa ganye da ɓawon don zazzaɓi, ko da yake wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama, asibiti ya kamata ya nufa.

Rainonta ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. Da rani za a tsinko busassun dunƙulen, a murza su a kan takarda, 'ya'yan su zubo. Ƙanana ne ƙwarai, saboda haka ba a binne su. Sai a tankaɗe ƙasar fadama da ɗan yashi da ruɓaɓɓen taki, a zuba a kasko ko tsohuwar kwano mai huji, a barbaɗa irin a sama, a ajiye a inuwa. Yayyafi ake yi masa da hannu safe da yamma, don in aka kwarara ruwa zai tafi da irin. Idan tsiron ya yi ganye huɗu ko shida, a mayar da kowane cikin ledarsa, a ci gaba da ban ruwa har ya kai kamu ɗaya. Dashen ya fi kyau da kaka, sa'ad da ruwa ya fara janyewa ƙasa kuma tana da danshi, domin ƙaramin dashe ba zai iya da ƙarfin ruwan Agusta ba. A bar taku huɗu ko biyar tsakaninsu, a kewaye kowane da ƙaya saboda awaki, a kuma shayar da su a ranin farko.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi. Giyayya in an sare ta takan sake tohowa daga kututture. Duk inda aka ga irin wannan kututture, sai a zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Da wannan dabara ce manoman jihar Maraɗi suka fara farfaɗo da itatuwan gonakinsu tun wajen 1983, suna kiranta sassaben zamani, har aka ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kamar miliyan 200 a Jamhuriyar Nijar. Abin da talakan Maraɗi ya yi da adda, ɗan sakandare a Zariya ba zai kasa ba.

Na san akwai masu ja. Mai lambu zai ce inuwa za ta kashe masa latas da tumatir, kuma gaskiya ne kayan lambu na son rana. Amma layi ɗaya muke nema a kan gaɓa, inda ba a shuka kome, kuma ana iya rage rassan kowace shekara. Gara ya ba da taku biyu da hannunsa da rafi ya ƙwace goma. Wani zai ce duhuwa tana tara sauro da macizai. Sauro a ruwa mai kwanciya yake ƙwai, cikin kwata da gwangwani da tsohuwar taya, maciji kuwa juji da ɓera yake bi. In ana share gindin itatuwan, wurin zai fi yadda yake yanzu tsabta. Wani kuma zai ce kafin ta girma mun gama makaranta. Haka ne. Amma wane ne cikinmu ya dasa itacen da muke zama a inuwarsa lokacin tara?

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantunmu da ƙungiyoyin matasa manoma su ɗauki wannan aiki. Ranar 2 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar fadamu ta duniya, don tunawa da yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, kuma ta zo daidai da lokacin tara iri. Ga masana aikin gona da na gandun daji nan kusa da mu a Samaru, in mun je da ladabi za su ba mu shawara. A nemi izinin masu unguwa da masu lambu tukuna, sa'an nan kowane aji ya ɗauki dashe goma, a rubuta sunan ajin a jikin shinge, masu fita su danƙa wa masu shigowa. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya ba mu ikon farawa.