Kafin Mu Roƙi Jirgin Feshi

Duk shekarar da jan-baki ya sauka kan shinkafa da dawa, magana ɗaya ake ji a bakin manoma: Gwamnati ta turo jirgin sama ya fesa magani. Mu dai a ganinmu, ƙasar Falgore, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, ba wurin jirgin feshi ba ce.

Jirgin feshi ba ya tafiya can sama kamar na alhazai. Tilas ya sauko ƙasa-ƙasa da gudu, wani lokaci ƙafa 10 kawai bisa amfanin gona, ga nauyin magani a cikinsa. In tsuntsaye ake bi, sai da almuru, sa'ad da suka taru a makwancinsu, ido ba ya gani sosai. To, ku dubi gonakinmu. Wace gona ce ba ɗorawa ko kaɗanya a tsakiyarta? Ga wayoyin lantarki, ga duwatsun Riruwai. Matuƙi ya kuskure kaɗan, shi ke nan.

Ko a Amurka, inda gonaki suke shimfiɗe, matuƙa kuma gwanaye, a shekarar 2013 kaɗai jiragen aikin gona sun yi hatsari 78, mutum 10 suka rasu. Karo da waya ko itace yana cikin manyan dalilan.

Inda jirgi ya faɗi kuwa, nan maganin yake malala. Rafukan dajin Falgore suna zuba cikin Kogin Kano, su tafi madatsar Tiga wadda aka gama a 1974. Ruwan nan muke sha, shi muke ba shanu, cikinsa ake su, da shi ake noman rani a Kadawa. Maganin tsuntsaye, wato fenthion, guba ne sosai, ba ya zaɓen jan-baki kaɗai. Mun kuma san yara sukan tsince matattun tsuntsaye su gasa.

Abin da ya fi mana, mu yi shuka lokaci ɗaya, domin kada ɓarna ta taru a gonar mutum guda. Wanda ya ga makwancin tsuntsaye ya gaya wa malamin gona da wuri. A wajen Haɗeja da raga ake kama su, har a sayar a kasuwa.

In kuma jirgin ya zama dole, a sanar da dagatai tun kafin ranar, a rufe rijiyoyi, makiyaya su janye garkensu, a hana yara bin jirgi da gudu don kallo.