Daga Teburin Malam: A Tambayi Hanci Kafin Aljihu

Ranar Asabar na je Grand Hangar sayen ganyen shayi, sai mai tebur ya ce, "Malam, ai ganye duk ganye ne." Na ce, "A'a, Alhaji." Da na dawo gida New Bell na dafa iri uku, ba madara ba sukari.

Na Tole, wanda ake nomawa a gindin Dutsen Kamaru kusa da Buea, ya yi ja wur, yana da ƙarfi, amma ƙanshinsa kaɗan ne. Na Ndu, daga tsaunuka masu tsayin mita 2,000, ƙanshinsa ya cika ɗaki, domin a wuri mai sanyi ganye a hankali yake girma. Na Kenya, mai ƙananan ƙwayoyi, nan da nan yake rina ruwa, shi ne abokin madara.

Sai dai laimar Duwala ba ta raga wa kowanne. Ganyen da ya kwana a buɗaɗɗen buhu ya zama dusa. Kafin ka miƙa kuɗin guminka, ɗebi kaɗan, murza a tafi, ka shinshina. In hanci ya ƙi, aljihu ma ya ƙi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.