Ƙiba ɗiyar yunwa ce

Duk wanda ya tada maganar ƙiba a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji, amsa ɗaya zai samu: ƙasar da ta ga yunwar 2005, lokacin da likitocin MSF suka yi jinyar dubban yara masu tamowa a jahar Maraɗi, ina ruwanta da ciwon masu ƙoshi? Amsar tana da daɗin ji, amma kuskure ce mai tsada.

Masana sun daɗe da gano cewa jikin da ya sha yunwa tun yana ciki ko yana goye yakan koyi ɓoyon abinci. A ƙasar Holan, waɗanda yunwar 1944 zuwa 1945 ta riska suna farkon ciki sun fi tsaransu yin ƙiba da suka girma. Yaran Maraɗi na 2005 kuwa yau sun haura shekara 20. Wanda ya samu ɗan hali a cikinsu sai ya ajiye furar gero, ya koma ga shinkafa da taliya masu iyo cikin mai, da shayin da sukari ya yi wa yawa. Tafiyar ƙasa kuma kabu-kabu ya ɗauke masa. Daga nan hawan jini da ciwon sukari ke samun ƙofa.

Babban laifi yana wuyan al'ada. Amaryar da ba ta cika zane ba, sai a ce mijinta ya gaza. Mai tumbi kuwa shi ne wanda ya ji daɗi. Shi ya sa ƴan mata ke sayen ƙwayoyin "sha ka fashe" a kasuwa, irin su deksametazon, mai kumbura fuska, ya tara ruwa a jiki, ya tada sukarin jini. Kumburi ake saye da kuɗi, ana kiransa kyau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma talaka bai tsira ba. Gidan da ya sayar da akuya don jinyar tamowa, da me zai sayi maganin ciwon da ba ya warkewa?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamai da ƙungiyoyin al'adu ke riƙe da aji da dandalin wasan kwaikwayo. Muddin ramammiya ce abin dariya a dandalin, mai tallar ƙwaya ba zai rasa ciniki ba.