WASAN YAƘI A ƘUNGIYAR TARIHI: A BARI KO A HANA?

A wannan shekara wasu iyaye da dattawan ikkilisiya sun yi mana magana a kan wasan da 'yan Ƙungiyar Tarihi suke yi kowace Laraba da yamma. Sun ce bai dace makarantar mishan ta koya wa yara dabarun yaƙi ba. Mun karɓi wannan magana da ladabi, gama sun yi ta ne saboda ƙaunar yaran. Duk da haka muna roƙo a saurari namu bayanin kafin a yanke shawara.

Ga yadda wasan yake. Ana share fili a gindin darbejiya, a zana taswira a ƙasa: birnin Kano daga yamma, kogin Wudil a tsakiya, Gaya da Ajingi daga gabas, Takai da Garko daga kudu. Ƙwallon goriba shi ne mahaya dawaki, tsakuwa 'yan baka, murfin kwalba kuwa 'yan bindiga. Ɗalibai su kasu gida biyu, malami ya zama alƙali. Ba ma amfani da ƙwayar ludo, don kada abin ya yi kama da caca.

Yaƙin da muke bi shi ne Basasar Kano. Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufu, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ya ƙi yarda, ya fita da jama'arsa zuwa Takai. Yusufu ya rasu kafin a shiga birni, ɗan'uwansa Alu ya ci gaba, ya kama Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. A lura, Bello da Abdullahi duk 'ya'yan Ibrahim Dabo ne. Jikokin mutum ɗaya ne suka zare wa juna takobi, ƙasarmu ta gabas kuwa ita ce farfajiyar da suka taka.

Yaro yana iya haddace waɗannan shekaru ya ci jarrabawa, bai gane komai ba. Amma ran da aka ba shi murfin kwalba goma aka ce ya kai su Wudil, sai ya fara tambaya. Bindigar wancan zamani irin adakar da 'yan bindiga ke bugawa ne a hawan salla: a ɗura albarushi ta baki, a danna, a harba sau ɗaya, a sake ɗuri. Kafin mai ita ya gama, doki ya iso kansa. Saboda haka dokarmu ta ce wanda ya harba sai ya jira zagaye biyu, in kuma alƙali ya ce an yi ruwa, albarushi ya jiƙe, babu harbi. Nan take yara suka gane dalilin da ya sa doki da mashi da baka suka daɗe suna aiki, ko da yake tun zamanin Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, akwai 'yan bindiga a fadar Kano.

Amma dokar da ta fi muhimmanci ita ce ta rumbu. A kowane ƙauye na taswira muna ajiye tsabar gero kaɗan. Duk rundunar da ta kwana a wurin sai ta kwashe rabi, wadda ta biyo baya ta kwashe sauran. A ƙarshen wasa ba ma tambayar wa ya shiga birni sai mun ƙirga abin da ya rage wa manoma. Wata rana wata yarinya 'yar aji uku daga wajen Ajingi, wadda ɓangarenta ya yi nasara, ta dubi inda ƙauyensu yake ta ga ko ƙwaya babu. Ta ce, "Malam, to mu me muka ci?" Babu wanda ya yi dariya. Mun shekara da shekaru muna koyar da wannan darasi a allo, ba mu taɓa jin irin wannan tambaya ba.

Gaskiya ne irin wannan wasa daga soja ya fito, domin a 1824 rundunar Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, ta ɗauke shi don horar da hafsoshi. Gaskiya ne kuma akwai yaran da ihun nasara kaɗai ke kai su wurin. Wannan hatsari ne, shi ya sa ba mu yarda a yi wasan ba malami ba, kuma mun hana a raba ɗalibai bisa addini ko ƙabila ko gari. Wanda ya zama Bayusufe yau, mako mai zuwa Batukure ne.

Mu tuna Ubangijinmu Yesu kansa, a Luka sura 14, ya kawo misalin sarkin da ya zauna ya yi lissafi kafin ya fita yaƙi, da ya ga ba zai iya ba ya nemi sulhu. Wannan lissafin muke so yaranmu su iya. Wanda bai san kuɗin faɗa ba shi ne ake ba wa 'yan kuɗi kaɗan ya ɗauki gora a lokacin siyasa.

Saboda haka muna gayyatar iyaye da dattawa, ku zo wata Laraba ku zauna a gindin darbejiya, mu ba ku goriba da tsakuwa. In kun ƙirga geron da ya rage kuka ga har yanzu a hana, za mu bi maganarku. Allah Ya ba ƙasarmu salama, Amin.