Mudun da Ake Auna Ƙarfin Abokin Gaba

Kowane ɗan kasuwa ya sani ba a jin ainihin jarin abokin hamayya daga bakinsa, sai dai a ƙidaya kayan da ke shiga rumfarsa a ƙiyasta kuɗinsu. To, haka Amurka ta yi da Tarayyar Sobiyet shekara da shekaru.

Mahukuntan Mosko sukan fito da adadi guda tak kowace shekara, su ce shi ne kuɗin tsaro. Na 1988 wajen rubul miliyan dubu 20 ne. A 1989 sai shugaba Gorbachev ya bayyana cewa na wannan shekara ya haura miliyan dubu 77, watau kusan ninki huɗu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tun kafin haka hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta daina dogara da wancan adadi. Daga 1956 tana aika jiragen U-2 su ɗauko hotuna, daga 1960 kuma taurarin ɗan Adam. Sai a lissafta tankoki da jirage da sojoji, a yi wa kowanne kuɗi, a tara. Ƙidayar ta yi amfani, gama a 1961 hotunan suka nuna makamai masu linzami na dogon zango da Sobiyet ke da su ba su kai yadda aka tsorata ba. Gani ya kori ji.

Amma wajen sa kuɗi aka yi tuntuɓe. In aka lissafa sojan Sobiyet, wanda aka ɗauka tilas, da albashin sojan Amurka, to duk ran da Amurka ta ƙara wa nata albashi sai a ga kamar Mosko ce ta ƙara ɓarin dukiya. A 1976 kuma CIA ta ninka ƙiyasinta, daga kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na arzikin ƙasar ya koma 11 zuwa 13, alhali ba a gano ƙarin makamai ba, farashinsu ne aka gyara.

Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya rena ƙarfin abokin gaba a iya mamayarsa, wanda ya kambama shi kuwa zai zuba kuɗin asibiti da makaranta cikin bindigogi. Saboda haka duk sa'ad da aka kawo wa masu karatu irin wannan adadi, ya kamata su tambaya: wa ya ƙidaya, da wane mudu ya auna, kuma wa zai ci riba in aka gaskata?